Ko Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu? Sharhi a Kan Girki da Ado a Ƙagaggun Labaran Mata

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na sauka gidan yayata, wadda take koyarwa a wata makarantar firamare, tana kuma da 'ya'ya huɗu. Wata ranar Laraba da la'asar ina kwance a tabarma ina karanta wani labari a waya, ita kuwa dawowarta ke nan daga aiki, ko mayafi ba ta cire ba ta ɗora tukunya. Sai na shiga karanto mata wurin da tauraruwar labarin, wadda aka ce likita ce, ta taso daga asibiti ta shirya wa maigida abinci iri biyar, ta yi wanka, ta turara jiki, ta ci ado, duk kafin ya shigo daga sallar magariba. Yaya ta saurara har na kai aya, sa'an nan ta ce, "Ke dai karanta abinki, ƙanwata. Amma wannan likitar taki, ranarta awa nawa ce?" Na yi dariya a lokacin, sai dai tambayar ta ƙi fita daga raina, ita ce kuma ta haifi wannan ɗan sharhi.

Abin da nake so mu duba shi ne yadda ƙagaggun labaran da mata ke rubutawa suke nuna girki da sutura da kwalliyar mace ma'aikaciya. Tun daga 1980, sa'ad da kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, mata suka shigo fagen ƙaga labari, kuma daga ƙarshen shekarun 1980 suka yi yawa har suka mamaye kasuwar. An yi ta ja-in-ja a kan wannan adabi: Ibrahim Malumfashi ya laƙaba masa Adabin Kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya masa. Ni ba wannan muhawara zan tayar ba. Tambayata ƙarama ce: idan malamar makaranta, ko ma'aikaciyar jinya, ko mai ɗinki ta ɗauki littafin nan, za ta ga kanta a ciki? A nawa ganin yawanci ba za ta gani ba, domin akwai abu biyu da ba a cika sa su cikin lissafi ba, watau agogo da aljihu. Siffar tauraruwar da zan riƙa ambata ba ta littafi ɗaya ba ce, na tattaro ta ne daga labarai da dama, na takarda da na waya, kuma duk mai karanta su zai gane ta.

Agogo

Mu fara da lokaci. Tsarin da aka saba shi ne, tauraruwa ta dawo daga ofis, ta shiga ɗakin girki, sai marubuciya ta jero mana: soyayyiyar shinkafa, farfesun kaza, sambusa, haɗin kabeji, da zoɓo mai abarba, a zuba a kuloli a jere a tebur. Ba a faɗa mana wanda ya yi cefane ba, ko wanda ya fige kazar, ko wanda ya kai markaɗe, ko wanda zai wanke tukwanen. Yara ba su kuka, wutar lantarki ba ta ɗaukewa, gas ba ya ƙarewa ana tsakiyar suya. Duk wanda ya taɓa murza fulawar sambusa ya naɗe ta ɗaya bayan ɗaya ya san ita kaɗai aikin yamma guda ce.

To, ɗayan biyu ne. Ko dai marubuciya ta yi mana ha'inci wajen lissafi, ko kuwa akwai wani hannu da ke aikin wanda ba a so mu gani. Sau da yawa na biyun ne. Can a tsakiyar labari sai a ambaci 'yar aiki, a ce ta kwashe kwanuka, ba suna, ba gari, ba a kuma sake waiwayarta. Ashe ke nan kwalliyar tauraruwa a kan gumin wata yarinya aka gina ta, wadda galibi daga ƙauye aka kawo ta, a shekarun da ya kamata a ce tana aji. Adabin da yake tinƙaho da cewa yana kare 'yancin mace ya yi ilimi, bai kamata ya ɗauke ido daga wannan yarinya ba.

Wani zai ce ai girki mai yawa al'adarmu ce. A nan ma sai mu yi hattara. A gidan Bahaushe na da, babban girki ɗaya ne, watau tuwon dare. Da safe a sha koko da ƙosai ko a ci ɗumame, da rana kuwa a dama fura, ko a aiki yaro ya sayo ɗanwake ko dambu ko alala a maƙwabta. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta yi rubutu a 1969 a kan wannan ciniki da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu, yara na kai musu talla. Watau tun can Bahaushiya mai sana'a ce, kuma mata sun raba aikin girki a tsakaninsu ta hanyar saye da sayarwa, kowace ta samu sararin kaɗi ko saƙa ko kitso ko suyar ƙuli-ƙuli. Marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta shafe shekaru tana kiran mata da su kama sana'a a cikin waƙoƙinta na amada. Girki sau uku, kowanne iri-iri, a hannun mace ɗaya, baƙon abu ne da aka ɗora wa al'ada.

Abin takaici, hikimar da mace ma'aikaciya take buƙata tana nan cikin girkinmu, amma labaran sun raina ta. Kuka, da busasshiyar kuɓewa, da karkashi, da kauɗar tumatur, da daddawa, da yaji, duk dabarun adana abinci ne da ba su neman firji. Ranar da Yaya ta yi mini waccan tambaya, ɗanwake ta yi. Garin a haɗe yake tun ranar Asabar, wake da rogo da kuka. Ta kwaɓa da ruwan kanwa, ta jefa a tafasasshen ruwa, ya taso sama, ta ba shi 'yan mintoci ta tsame, ta zuba mai da yaji da yankakken tumatur da albasa. Kafin a kira magariba yara sun ci sun ƙoshi. Haka take yi da garau-garau, da faten tsaki, da kwaɗon zogale. Ranar Lahadi take jajjaga kayan miya ta soya su sosai har ruwan ya ƙone, ta riƙa ɗiba na kwana biyu ko uku. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan shi ne ilimin girkin mai aiki, amma a littafi in ka ga an ci ɗanwake ko garau-garau, to ana so a nuna talaucin gidan su tauraruwa ne kafin ta auri mai kuɗi.

Aljihu

Mu koma ga sutura. Ba a buɗe akwatin tauraruwa sai an ji Super Holland, da leshi mai duwatsu, da gezna, da abayar Dubai, da sarƙar gwal. Tana sauya kaya sau uku a yini, ba ta kuma maimaita wanda ta sa. Sai mu tambaya, da wane albashin? A 2019 doka ta sa mafi ƙarancin albashi a Nijeriya Naira 30,000, a 2024 aka mai da shi Naira 70,000, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ɗaga kuɗin mota da na abinci. A ƙarshen 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura wannan Naira 70,000 a kasuwanni da yawa, turmi ɗaya na Super Holland kuwa ya fi shi nesa ba kusa ba. Matar da take ɗaukar albashi kusa da wannan, idan ta karanta labarin, me aka koya mata? An koya mata cewa abin da ke jikinta abin kunya ne.

Ita atamfar ma tana da tarihin da marubuta za su iya cin moriyarsa. Kamfanin Vlisco mai yin atamfar Holland a garin Helmond yake, tun 1846. A nan gida an buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, kuma atamfar waɗannan masaƙu da takwarorinsu na Kano ita ta rufa wa iyayenmu asiri shekara da shekaru. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Mace mai ƙaramin ƙarfi ta san wadda ke zuba a wanki da wadda ke jurewa, ta san a wanke sabuwar atamfa a shanya a inuwa, ta san ta ce wa tela ya yi mata ɗinki marar tarkace wanda ba zai tsufa da yayi ba, ta san mayafi biyu masu launi ɗaya-ɗaya sun isa su hau kaya shida. Ta san shiga gwanjo ta zaɓo jaka da takalmi, ta san adashi, ta kuma san zafin anko, wanda kan cinye rabin albashi don bikin yini ɗaya. A cikin kowane ɗayan waɗannan akwai labari mai rai. Wace marubuciya ce za ta rasa abin faɗa a kan malamar da aka kawo wa ankon 'yar shugabarta a tsakiyar wata? Amma sai aka bar wannan aka koma jera sunayen kaya kamar mai karanta takardar lefe. Jerin kaya kuwa ba siffantawa ba ne. Ba ya nuna mana halin mai kayan, yana nuna mana burin mai rubutu ne kawai.

Kyau

Nan ne abin ya fi damuna, domin a nan illar ta wuce takarda ta taɓa jiki. Sau nawa muka karanta cewa tauraruwa fara ce sol, mai dogon hanci, gashi har gadon baya, kamar Balarabiya ko Ba'indiya? Baƙar mace kuwa, in ta fito, sau da yawa ita ce muguwar kishiya ko ƙawar da ake yi wa dariya. Manazarta irin su Brian Larkin sun yi bayanin tasirin finafinan Indiya a kan labaran soyayya na Hausa, kuma wannan siffa tana cikin abin da aka kwaso. Yarinyar da ta karanta irin wannan siffa sau ɗari tun tana sakandare, me zai hana ta neman man da zai kai ta can?

Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Mayukan nan sukan ƙunshi zaiba, wadda ke lalata ƙoda, ko haidirokwinon, ko sitiroyid, wanda ke sa fata ta yi laushin banza, ta tsage, rauni ya ƙi warkewa. Ban ce littafi ne ya kawo bilicin ba. Talla da fim da zaɓen samari duk suna da kaso. Amma marubuciyar da ba ta iya yabon kyau sai da farar fata ta sa hannu a cikin cinikin, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Kayan gyaran jiki masu araha kuwa muna da su: man kaɗe, da sabulun salo, da lalle, da kitson da zai yi mako biyu ya hutar da mace daga tsefe da taje kowace safiya. Sai dai kada a ɗauka ina cewa duk abin gargajiya lafiyayye ne. Kwallin dutse da muka gada yakan ƙunshi dalma. A 2012 hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da dalma ta yi yawa a jininsa, aka gano daga tozalin da aka kai daga Nijeriya ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Haka nan baƙin lalle na zamani da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi yakan ƙona fatar wasu. Marubuciyar da ta ɗauki kanta mai ba mata shawara, nauyi ne a kanta ta san wannan.

Don wa ake girkin?

Idan muka lura, a yawancin labaran girki da kwalliya makamai ne na yaƙin kishi. Ana dafawa ne don a mallake miji, ana ado don a kashe kasuwar kishiya. Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, mai Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni, ta cancanci yabo domin ta fito da taurari mata masu ilimi da aikin yi, ta kuma nuna cewa tsafta da iya magana da iya girki sun fi bin boka. Wannan ci gaba ne a lokacinsa. Amma da yawa daga waɗanda suka bi sawunta sun ɗauki ƙyalƙyalin sun bar darasin, har aikin tauraruwa ya koma wani ado shi ma, kamar sarƙa. A ce mana lauya ce, ba mu taɓa ganinta da takardar shari'a ba. A ce likita ce, ba ta taɓa kwanan asibiti ba. Idan kuma auren ya lalace, laifinta ne, don ba ta iya miya ba. Wannan kaya ne mai nauyi da ake ɗora wa mace wadda ta riga ta gaji.

Akwai wadda ta bi wata hanya dabam. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, mun ga Rabi, uwar 'ya'ya tara, wadda kuɗin cefanen da Alhaji Abdu ke bayarwa ba ya isa. Da ya auro Delu ya kore ta, abincin sayarwa ta kama ta riƙe 'ya'yanta. A nan girki ba makamin kishi ba ne, lissafi ne, kuma hanyar tsira da mutunci. Haka a Wa Zai Auri Jahila? mun bi Abu daga auren dole har ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar jinya, mun ga wahalar da ta sha kafin ta kai can. Waɗannan mata biyu Yaya za ta gane su in sun haɗu a a-daidaita-sahu. Abin da ya ba littattafan nan ƙarfi shi ne marubuciyar ta yarda ta ƙirga kuɗi a gaban mai karatu, ba ta ji kunyar talauci ba.

Harshen girki

A matsayinmu na ɗaliban harshe, akwai wata asara da ta shafe mu kai tsaye. Hausa tana da wadatar kalmomin madafa. Hatsi ana surfa shi, a bakace, a wanke, a niƙa ko a ɓarza, a tankaɗe. Tuwo ana yi masa talge ko ruɗe, a tuƙa, a bar shi ya sulala, a kwashe da mara. Fura ana kirɓa ta, kunu a dama, miya a kaɗa da maburgi, kayan miya a jajjaga ko a markaɗa, dambu a turara, nama a sulala, a soya, a gasa, ko a ƙyafe. Kowace kalma aiki ne dabam, da hannu dabam, da wuta dabam. Amma a labaran waya sai ka tarar da jimla guda ta Hausa ɗauke da kalmomin Turanci huɗu, ana bulandin inda ake markaɗe, ana sitimin inda ake turarawa. Aro ba laifi ba ne inda babu. Firji da gas da bilanda sun zauna, ba mai korarsu. Laifin shi ne a jefar da kalmar gida don a nuna tauraruwa ta waye. Da haka ake koya wa mai karatu cewa abincin da ke da sunan Hausa na marasa galihu ne.

Uzurin marubuta

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Wata ƙawata a ɗakin kwana ta ce mini, "Ke, wahalar da nake ciki ta ishe ni, don me zan sayi littafi in sake karanta ta?" Maganarta tana da ƙamshin gaskiya. Mafarki ma aikin adabi ne, tatsuniyoyinmu cike suke da 'yar talaka da ta auri ɗan sarki. Haka kuma ba a musun cewa littattafan nan sun sa dubban mata karatun Hausa, wasu ma a cikinsu suka koyi girke-girke. Sai dai ita tatsuniya tana buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, ta rufe da ƙurunƙus, kowa ya san ƙarya ce. Waɗannan labarai kuwa da sunan gyaran tarbiyya suke zuwa, marubuciya takan ma dakatar da labari ta juyo ta yi wa mata nasiha. Wanda ya ce shi malami ne, dole a auna shi da ma'aunin malamai. Idan nasihar ba ta yiwuwa sai ga mai 'yar aiki da janareto, to ba nasiha ba ce, gori ne.

Kammalawa

Ba ina kira ne a daina ado a littafi ba, ko a mai da kowane labari kukan talauci. Roƙona ga marubutanmu, har da na cikin wannan ƙungiya tamu masu shirin fara rubutu, shi ne su rataya agogo a ɗakin girkin tauraruwa, su kuma sa mata jaka mai ƙasa. Su bar ta ta makara wata rana, miyarta ta yi gishiri, ta maimaita atamfa, ta zama baƙa kyakkyawa ba tare da an ba da haƙuri ba. Su ba 'yar aiki suna da baki. Su bar maigida ya riƙe jariri kafin tuwo ya sulala. Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Ranar da zan komo makaranta Yaya ta ƙulla mini garin ɗanwake da yaji a leda, ta ce, "In kin tashi rubuta naki littafin, ki sa mai irin albashina." Ban yi mata alkawari ba, amma ga saƙon na isar ga waɗanda suka fi ni alƙalami. Ranar da mace irinta ta rufe littafi ta ce wannan ni ce, a ranar kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Allah ya sa mu dace.